Gurbi Ɗaya a Jirgin Ƙanƙara

Dakta Nata'ala Mailafiya ya shekara goma sha bakwai yana gaya wa duniya abin da ƙanƙarar Tekun Arctic za ta yi gobe, bai kuwa taɓa ganinta ba. Mutumin Nguru ne. Ƙanƙarar da ya sani da yarinta ita ce wadda ake sayarwa da azumi, a lulluɓe da buhu, ana sara ta da adda gab da magariba. Karatu ne ya ja shi Kano, ya ja shi Ingila, ya ajiye shi a hawa na huɗu na wani gini a bayan Aldwych, a wata cibiyar binciken yanayi wadda tagarta ke kallon bangon gidan wasan kwaikwayo.

Aikinsa wani dogon lissafi ne a kwamfuta, wanda su a ofis suke kira model. A ba shi ƙarfin iska da ɗumin ruwa da hotunan tauraron ɗan'adam, shi kuma ya faɗi inda ƙanƙara za ta tsage, inda za ta haɗe, da inda za ta narke. Abin da Nata'ala ya fi ƙwarewa a kai shi ne tsohuwar ƙanƙara, mai kaurin nan da ta tsallake bazara da yawa ba ta narke ba. Kowace shekara raguwa take yi. Ya fi kowa sani, tunda lissafinsa ne ke faɗa. A Nguru kuwa 'yan'uwa sun daɗe da yanke shawarar cewa a kamfanin firji yake aiki, shi ma ya gaji da gyara musu.

Buri ɗaya gare shi, kuma ba ya faɗa wa kowa sai matarsa Karimatu: ya taka ƙanƙarar nan da ƙafarsa kafin ɗayansu ya ƙare. Ya sayi jar rigar sanyi irin ta masu zuwa can, ta yi shekaru a rataye a gidansu na Dagenham, Karimatu tana fito da ita ta sha iska duk bazara. Har masallacin Whitechapel ya je ya tambayi wani malami yadda mutum zai yi salla a inda rana ba ta faɗuwa. Malamin ya ce ya bi lokutan gari mafi kusa da yake da dare da rana, sannan ya tambaye shi yaushe ne tafiyar. Nata'ala ya ce nan kusa, in sha Allahu. Malamin ya yi ritaya tun tuni.

Fa'iz kuwa ɗan abokinsa ne na makarantar kwana. Uban ya kira waya daga Kano ya ce, "Ga amana nan na ba ka." Yaron ya sauka da jaka ɗaya da digirin lissafi, ya yi shekara guda a ƙaramin ɗakinsu yana cin tuwon Karimatu. Nata'ala ne ya nema masa gurbin karatu a cibiyar, shi ya koya masa model ɗin layi bayan layi, shi ya gyara masa Turancin kundinsa. Yanzu Fa'iz ya zama dakta shi ma, teburinsa yana kusa da na Nata'ala, yana kiransa Baffa, kuma har yau ba ya zama sai Baffa ya zauna.

Wata Talata cikin watan Maris, shugabar cibiyar, Farfesa Ingleby, ta tara su a ɗakin taro. Baturiya ce mai kirki, irin kirkin da ke zuwa a kan lokaci ya kuma tashi a kan lokaci. Ta ce wani jirgin ruwa mai fasa ƙanƙara zai tashi daga arewacin Norway a watan Agusta, ya kutsa har arewacin Greenland, inda ragowar tsohuwar ƙanƙara take. An ba sashensu gurbi ɗaya. Kuma ita ce tafiya ta ƙarshe a wannan shirin.

"Ina ganin babu wata muhawara," in ji ta. "Nata'ala, naka ne, in kana so."

Nata'ala ya san Turawa. In an yi masa tayin shayi yakan ce e tun a karon farko, don ya taɓa wuni da ƙishirwa a shekararsa ta farko yana jiran a sake tambaya. Da shi kaɗai ne Bahaushe a ɗakin, da ya ce e kafin ta rufe baki. Amma ga Fa'iz a gefensa. Babba ba ya wawurar abu a gaban ɗansa. Tarbiyyar da ta yi shekaru tana barci ta zaɓi wannan lokacin ta farka.

"Na gode, Farfesa," ya ce. "Amma ai akwai yara. A ba su dama."

Ya faɗa yana murmushi, don ya san abin da ke biye. Fa'iz zai ce haba, wane shi, wannan ai na Baffa ne. Farfesa za ta sake tambaya. Shi kuma zai sunkuyar da kai ya ce to, tunda kun matsa. Haka ake yi tun kafin a haife su duka, kuma ba a taɓa jin wanda ya kwana da yunwa a dalilin haka ba.

Fa'iz ya duƙufa a kan kwamfutarsa kamar an aiko masa da wahayi a ciki.

"Wannan karamci ne ƙwarai," in ji Farfesa Ingleby. Ta rubuta wani abu, ta wuce zuwa maganar injin buga takardu da ya lalace.

Da ya ba Karimatu labari da yamma, sai ta ajiye ludayi.

"Baban Zarah, ka ce me?"

"Kara na yi. Za ta sake tambaya."

"Baturiya? Wadda ta zo gidan nan na ce ta ƙara shinkafa ta ce a'a, na ƙara mata, ta bar min ita a faranti? Gobe ka je ka ce mata ka fasa."

"In je in ce da wasa nake yi? Ni yaro ne?"

"To zauna da girmanka. Shi Fa'iz me ya ce?"

"Kunya ce ta kama shi a gaban mutane. Zai same ta a ofis ya yi mata bayani."

Zarah, 'yarsu mai shekara goma sha shida, wadda ke jin Hausa sarai amma ba ta mayar da ita, ta ɗago daga wayarta ta ce, "Baba, just email her." Ba wanda ya kula ta.

Ya jira. Ya riƙa wucewa ta ƙofar ofishin Farfesa a hankali, yana gaishe ta fiye da yadda aka saba. Ita kuma tana amsawa da fara'a ta musamman, irin wadda ake yi wa mutumin da ya ba da jini. Mako bai cika ba saƙo ya zagaya kowa: Dakta Fa'iz Imran ne zai wakilci sashen, bisa shawarar Dakta Mailafiya mai cike da dattako.

Fa'iz ya zo teburinsa ya durƙusa har gwiwarsa ta kusa taɓa kafet.

"Baffa, wallahi ban san yadda aka yi ba. Kawai gani na yi an yi announcing."

"Allah Ya sa alheri," in ji Nata'ala. Me zai ce? Ya ɗora laifin a kan kunnen Turawa, wanda ba ya jin abin da ba a faɗa ba, sauran kuma a kan kansa. Yaron bai shiga lissafin ba.

Ana saura kwanaki a tafi, Fa'iz ya zo Dagenham sallama. Nata'ala ya shiga ɗaki ya fito da jar rigar.

"Ungo. Sanyin can ba irin na nan ba ne."

"Haba Baffa, wane ni! Wannan ai taka ce."

"Karɓi mana."

"A'a wallahi, za su ba mu a jirgi."

"Fa'iz, ina magana kana magana?"

Sai ya sa hannu biyu ya karɓa, kansa a ƙasa. Nata'ala ya ji daɗi a ransa, ya ce yaron dai yana da tarbiyya. Ya ƙara masa da fatawar malamin Whitechapel, kyauta.

Jirgi ya tashi. Aikin Nata'ala a tafiyar shi ne wanda ya saba: kowace safiya ya shiga tube, jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari, daga Dagenham, ya hau hawa na huɗu, ya kunna model, ya aika wa jirgin taswirar inda ƙanƙara za ta buɗe da inda za ta matse. Da ita kyaftin yake zaɓar hanya. Fa'iz kuma yana aiko da hotuna in layi ya samu. Ga shi a tsaye a kan farin fili marar iyaka cikin jar riga. Ga shi yana huda ƙanƙara da wani dogon ƙarfe yana auna kaurinta. "Baffa, model ɗinka bai yi ƙarya ba, daidai da abin da ka ce!" Nata'ala yakan buɗe hoton ya faɗaɗa shi, ya ture yaron gefe da yatsa, ya kalli abin da ke bayansa. Ashe ba fara ba ce sosai. Akwai shuɗi-shuɗi a jikinta, wanda tauraron ɗan'adam bai taɓa gaya masa ba.

A irin wannan kallon ne Farfesa Ingleby ta same shi wata ranar Alhamis, da kofin shayinta a hannu.

"Kyakkyawa ce, ko?" in ji ta. "Ka san na kusa sake tambayarka. Fuskarka a ranar nan ba ta yi kama da ta mai cewa a'a ba."

"Me ya hana ki?"

"Ai na yi abin da ya dace, na tambayi wanda ya san al'adarku. Na kira Fa'iz bayan taron na ce, da gaske yake kuwa? Ya yi min bayani mai kyau. Ya ce a wurinku in babba ya yi magana a gaban jama'a, to ta zauna, sake tambayarsa cin fuska ne, kamar an ce ba shi da magana ɗaya. Na ce Allah Ya taimake ni da ban yi ba." Ta kurɓi shayi. "Har na ba da misalin a wani taro kan zama da mutane masu al'adu daban-daban. Sun ji daɗinsa sosai."

"Na tabbata," in ji Nata'ala.

Ta dafa kujerarsa ta wuce. Shi kuma ya zauna yana kallon jar rigar a cikin hoton. Wane ni, Baffa. A'a wallahi. Sai a tayi na uku aka sa hannu biyu. Yaron bai manta komai ba. Ya san inda ake ƙi, ya san inda ake karɓa, ya kuma san wanda za a sayar wa akasin haka.

Washegari model ya nuna abin da Nata'ala ya daɗe yana jira ya gani. Iska za ta juya daga arewa maso yamma. Hanyar gabas, wadda a hoton tauraro take a buɗe kamar titin Legas da asuba, za ta rufe cikin kwana biyu. Jirgin da ya shiga ba zai nutse ba, an gina shi don haka. Zai dai maƙale ne mako ɗaya ko fiye, lokaci ya ƙure, a juyo gida ba a kai ga tsohuwar ƙanƙarar ba. Hanyar yamma kuwa, mai kama da toshewa, ita za ta buɗe. Ba sai ya yi ƙarya ba ma. Ya isa ya rubuta cewa hasashen ba shi da tabbas, abin da masu hasashe ke rubutawa kullum su kwana lafiya, kyaftin zai bi abin da idonsa ya gani.

Ya tashi ya haɗa shayi. Ya dawo ya zauna. Ya leƙa bangon gidan wasan kwaikwayo, bangon bai ba shi shawara ba. Sannan ya rubuta: ku bi yamma, gabas za ta rufe. Ba tsoron Allah ne kaɗai ya sa ba, ko da yake zai so a ce shi ne. Shekara goma sha bakwai yana gina lissafin nan, ba zai bari a ce ya yi kuskure saboda ɗan Imran ba.

Gabas ta rufe ranar da ya ce. Jirgi ya kai inda aka nufa. Fa'iz ya aiko da saƙo mai alamar motsin rai guda biyar. Nata'ala bai faɗaɗa hoton ba.

A ƙarshen Satumba matafiyi ya dawo, ya yi baƙi ya rame, leɓɓansa sun tsage. Ranar Asabar da azahar ya zo Dagenham kai tsaye daga wajen wani taro, da jar rigar a ninke cikin leda da wata ƙaramar kwalba. Karimatu ta riga ta ji komai, ta kuma yi alkawarin ba za ta ce uffan ba, alkawarin da ta cika ta hanyar buga tukwane. Duk da haka ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, wanda ta san ya fi so, don ita a ganinta fushi daban, baƙo daban.

"Baffa, ga tsaraba." Ya miƙa kwalbar da hannu biyu. "Daga tsohuwar ƙanƙarar na sara da kaina. Ta narke a hanya, amma ita ce."

Nata'ala ya karɓa ya ɗaga ta wajen taga. Ruwa ne.

"Madalla. Farfesa ta ce ka koya mata al'adarmu."

Fa'iz ya kalli kafet. A wannan karon babu kwamfuta a kusa.

"Baffa, ai kai ka ce a ba yara."

"Na faɗa."

"Kuma contract ɗina zai ƙare a Disamba. In ba ni da aikin fili a takarduna, ba wanda zai yi renewing, visa kuma ka san yadda take. Kai kana da takardar zama, kana da suna. Na ga kamar..."

"Ka ga kamar me?"

"Kamar za ka fahimta."

"Da ka zo ka faɗa min haka, me kake tsammani zan yi?"

Dukansu sun san amsar: da ya ba shi. Da ya ba shi yana jin ciwo, ya je da kansa ya roƙi Farfesa, ya dawo ya kwanta da abin da zai riƙa tunawa na alheri har ya mutu. Ko wannan yaron bai bar masa ba.

"Ban so in roƙe ka ba, Baffa. Kunya na ji."

"Kunya," in ji Nata'ala. "Lallai."

Karimatu ta shigo da tire ta ajiye a tsakaninsu. Ta buɗe kwano, tururi ya tashi, ƙamshin taushe ya cika falon. Wanda ya yi wata biyu yana cin dankali da kifin gwangwani a jirgin Turawa ya haɗiyi yawu har aka ji.

"Bismillah, Fa'iz," in ji ta, ba tare da ta dube shi ba.

"Alhamdu lillahi, Anti, na ƙoshi."

Ya faɗa yana gyara zama, hannunsa na dama ya riga ya fara naɗe hannun riga. Nata'ala ya miƙa hannu ya mayar da murfin kwanon.

"Maman Zarah, ɗauke. Ya ce ya ƙoshi."

"Baban Zarah..."

"Dakta ne guda, ya yi magana a gaban jama'a. Sake tambayarsa cin fuska ne."

Karimatu ta dubi mijinta, ta dubi yaron. Sannan ta ɗauki tiren ta koma da shi kicin, a hankali, ba ƙarar tukunya ko ɗaya. Zarah da ke kan matakala ta ce, "Wow," ta haye sama.

Fa'iz ya ƙara zama kaɗan. Ya yi maganar sanyi, ya yi maganar wata dabba da suka hango daga nesa. Ba wanda ya tambaye shi girmanta. Da ya miƙe ya tura ledar rigar gaban Nata'ala.

"Ga rigarka, Baffa. Na kai an wanke."

"Riƙe ta. Ba inda za ni."

Fa'iz ya buɗe baki zai ce wane shi, ya fasa. Ya ɗauki ledar ya fita, ba wanda ya taka masa zuwa ƙofa.

Karimatu ta fito tana goge hannu. "To, ka huce?"

"A'a."

"Tuwon fa?"

"Kawo. Ni ban ƙoshi ba."

Ya ci shi kaɗai, kwalbar tana gabansa. Da ya gama ya buɗe firji, ya ture ledar kuɓewa da naman kaza, ya cusa kwalbar a can ƙuryar gidan ƙanƙara. Ranar Litinin da safe kafin ya fita aiki ya ciro ta ya duba. Ta daskare, fara fat, babu shuɗin nan ko kaɗan. Ruwan dai na can ne, amma sanyin na Dagenham ne. Ya riƙe ta a tafin hannu har ta fara yi masa zafi, sannan ya mayar, ya ɗauki jakarsa, don jirgin ƙasa ba ya tayi sau biyu.